Muryar Rahamatu a Gonakin Dabinon Samnu

Sallau ya sauka Sabha ta ƙasar Libiya da jaka ɗaya, da sukudireba uku a aljihu, da niyyar yin sati biyu ya wuce Tarabulus. Shekarar dubu biyu da ɗaya ce, lokacin da aka buɗe wa mutanen kudu ƙofa, duk bangon da ka duba a gari taswirar Afirka ce an shafe ta da koren fenti. Shi mutumin Tasawa ne ta ƙasar Nijar, mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, irin wanda zai kara kunne a jikin rediyo ya gaya maka abin da ke damunta tun bai kwance ta ba. Ya baro matarsa Rahamatu da ɗiyarsu Aminatu tana rarrafe, ya ce musu da ya samu wurin zama a bakin teku zai aiko su zo.

Tekun dai har yau bai gan shi ba.

A rana ta huɗu yana zaune a shataletalen da 'yan ci-rani ke jiran aiki, kowa da alamar sana'arsa a gabansa, mai shebur, mai cokalin gini, mai burushin fenti, sai wata farar mota mai buɗaɗɗen baya ta tsaya. Direban, wani Balarabe mai tumbi da furfura a gashin baki, ya ce yana son mutum ɗaya mai ƙarfin ɗaukar kaya. Sallau ba shi da wani ƙarfin a zo a gani, siriri ne kamar karan dawa, amma shi ne ya fi kusa da ƙofar motar, don haka ya faɗa ciki.

Balaraben nan Alhaji Lamin ne, mai ba da hayar lasifika a bukukuwa da tarurruka. Ranar a wata makaranta ake bikin yaye ɗalibai. Sallau ya gama jidar akwatunan lasifika yana haki, aka kunna, sai ga su suna wani gurnani kamar an tsare ƙudan zuma a tulu. Lamin ya murɗa nan, ya bugi can, ya zagi janareta, gurnani bai fasa ba. Sallau ya tsinci wani guntun rodi ya kafa a ƙasa, ya ɗaura masa waya daga jikin amfilifaya, ya ɗauki butar alwalar maigadi ya tsiyaya ruwa a gindin rodin. Gurnani ya ɗauke ɗif.

Lamin ya dube shi, ya dubi butar, ya sake dubansa. Ya ce, "Gobe ka dawo."

Goben ce ta zama shekaru. Sallau ya samu ɗaki a bayan sito inda ake ajiye kayan, ya koyi Larabcin da zai ishe shi cin abinci da musu, yana kiran Lamin mudir, wato maigida, Lamin kuma yana kiransa muhandis, wato injiniya, in aiki ya yi kyau, in ya ɓaci ya kira shi da sunansa.

Rahamatu ba ta rubutu, amma baki akwai. Duk bayan wata biyu ko uku wani direban Agadas zai leƙo sito ya miƙa masa kaset an naɗe shi a ƙyalle. Takan ari rikodar maƙwabta, ta zauna a tsakar gida ta cika fuska biyu. Takan fara da gaisuwa, ta bi dangi ɗaya bayan ɗaya, ta shiga labarin unguwa, wa ya haihu, wa ya sayi amalanke, sannan ta juyo kansa. Sallau yakan saurari kowane kaset har ya haddace inda take jan numfashi da inda zakara ke katse ta. Da shi ma zai mayar da amsa, minti goma ya ishe shi, sauran kaset ɗin ya cika mata da kiɗan Larabawa.

A shekara ta uku Lamin ya je Tarabulus ya dawo da wata na'ura da ya ce yanzu ita ake yayi. Ba ta fi tiren shayi kauri ba, baƙa, da ɗan gilashi mai koren haske inda lambobi ke fitowa, da abin murɗawa guda ɗaya da 'yan maɓallai. Ana sa ta ne tsakanin makirfo da lasifika. Littafinta kuwa da Ingilishi yake, Lamin ba ya ji, Sallau Faransancinsa ma na kasuwa ne. Sai suka kira Mijinyawa, wani Bakano mai shagon yadi a jikin sitonsu, wanda ya yi sakandare har aji uku kuma ba ya bari a manta.

Mijinyawa ya ɗora tabarau, ya nemi kujera, ya nemi shayi, sannan ya buɗe littafin.

"Wannan shafin maganar jinkiri yake yi," in ji shi. "Wai akwatin yana iya riƙe magana, ya hana ta fita sai lokacin da ka ce."

Sallau ya fassara wa Lamin. Lamin ya dafe kai.

"Har Tarabulus na je na sayo jinkiri? Wanda ke garin nan bai ishe mu ba? Takarda jinkiri, mota jinkiri, ango ma sai an jira shi."

Mijinyawa ya lashi yatsa ya buɗe gaba. "Nan kuma wai yana sassara murya kashi talatin da ɗaya, kamar mahauci da rago. Kashin da ba ka so ka rage, wanda kake so ka ƙara."

"Wane kashi ne wanne?" Sallau ya tambaya.

"To, Malam Sallau, nan lambobi suka sa. Ni karatu aka kira ni, ba duba ba."

Lamin ya tura na'urar ƙarƙashin tebur ya ce zai mayar da ita in ya sake hawa arewa. Sallau ya roƙa a bar masa ita tukuna. Kullum bayan la'asar, in babu aiki, sai ya rufe ƙofar sito, ya jona ta da lasifika ɗaya, ya zauna. Da farko kiɗa ya sa, amma ya ga bai san yadda kiɗan ya kamata ya kasance ba, balle ya san ko ya gyara ko ya ɓata. Murya ɗaya ce a duniya ya sani ciki da waje. Sai ya ɗauko kaset ɗin Rahamatu.

Ya murɗa lamba ta can ƙasa ya ƙara, sai ya ji ta kamar ta cusa kai a tulu tana magana. Ya sa wa wurin suna tulu. Ya matsa gaba kaɗan, murya ta yi kauri ta cika ɗaki, ya ce nan ƙirji. Gaba kuma ta koma kamar mura ta kama ta, nan hanci. Sai inda haruffa ke fitowa tsaf har ka ji harshe na taɓa haƙori, ya kira shi haƙori. Na can sama, mai tsini, mai shiga kunne, sauro. Ya rubuta sunayen da ajami a jikin kwalin shayi, kowanne da lambarsa. Cikin wata guda ya gano cewa kukan nan da makirfo ke yi in an kusanto lasifika, wanda ke sa jama'a toshe kunne, ba duka sautin ne ke kuka ba, zare ɗaya ne. In ka nemo zaren ka sassauta shi, sauran su zauna lafiya.

Jinkirin ne ya fi ba shi wuya, don ya kasa gane amfaninsa. Amma akwai wata matsala da ta daɗe tana damunsu. In fili ya yi tsawo sukan kafa lasifika a gaba, su kafa wasu a tsakiya, su kafa a baya, kuma kullum mutanen baya sai su ce komai sau biyu suke ji. Mai jawabi ya ce "jama'a", su ji "jama'a-ma'a". Lamin ya ce halin fili ne, ba yadda za a yi.

Wata rana Sallau yana wanke kofunan shayi, ya hango wani leburan gini can nesa yana fasa dutse. Guduma ta sauka, shiru, sai da ta sake ɗagawa sannan ƙarar ta iso. Ya tuna haka yake gani a gida in yana dawowa daga gona, mata na daka a bakin gari, taɓarya na sama sannan ka ji dukanta. Ya ajiye kofi ya shiga shagon Mijinyawa hannunsa na ɗigar ruwa.

"Sauti da ƙafa yake tafiya," ya ce. "Waya kuwa ba ta tafiya, tana nan tana can. Lasifikar baya ta waya take samun magana, ta faɗa nan take. Ta gaba kuma maganarta sai ta tako fili ta iso a makare. Shi ya sa ake ji biyu. In na sa ta baya ta jira 'yar'uwarta, su faɗa tare, shi ke nan."

Mijinyawa yana auna wa wata mata yadi, bai ɗago ba. "Ai abin da na karanta muku ke nan tun ranar."

Sallau ya gwada a filin ƙwallon unguwa, ya gano kowane dogon taku nasa yana cin kusan lamba uku a gilashin na'urar. Ya kuma lura lissafin safe ba ya zama daidai da na azahar, in rana ta take sautin ya fi sauri. Lamin bai yarda da wannan ba, ya ce sauti ba jaki ba ne da zai ji zafin ƙasa. Amma ya daina maganar mayar da na'ura Tarabulus.

Kakar dabino ta shekarar dubu biyu da biyar aka shirya taron zumuncin Afirka a Samnu, wani gari mai gonakin dabino a arewa maso gabas da Sabha. Za a yi jawabai, makaɗa za su zo daga Chadi da Mali da Nijar. Aka ba Lamin aikin sauti, mafi girma da ya taɓa samu. Suka isa da hantsi da lasifika goma sha biyu. Filin dogo ne, siriri, dabino ya yi masa katanga hagu da dama, can ƙarshensa kuma ga bangon wani sito yana mayar da duk abin da aka faɗa.

Suka kafa layi uku. Sallau ya auna da ƙafa, ya sa lambobinsa, ya ce Lamin ya ƙirga a makirfo kamar yadda suka saba. To ranar Lamin mura yake yi. "Wahid, itnin" ɗinsa na fitowa kamar kukan kwaɗo, Sallau ya kasa rarrabe laifin fili da laifin hancin maigidansa. Ya duba gabas ya duba yamma. Babu kowa sai kujeru da wani jaki a ɗaure. Ya laluba aljihu ya ciro kaset ɗin da ya iso masa makon jiya.

"Mudir, ka zauna nan. Zan taka zuwa baya. In na ɗaga hannu ɗaya, ƙara jinkiri. In na sauke, rage. In na ɗaga biyu, ƙara ƙarfi."

"Bahi," in ji Lamin, wato to. Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da ƙirga ba.

Sallau ya yi nufin gaisuwar farko kawai zai sa, wadda ba ta wuce minti huɗu ba. Muryar Rahamatu ta tashi a lasifika goma sha biyu tana gaida shi, tana gaida maigidansa, tana isar da gaisuwar Inna da ta kawu. Ya taka yana saurare. A layin tsakiya Rahamatu biyu ce, ɗaya na bin ɗaya. Ya ɗaga hannu, suka matso juna, ya ƙara ɗagawa, suka haɗe. Ya wuce layin baya, inda bangon sito ya sa ta zama uku. Nan ya daɗe. Ya juya wata lasifika ta daina kallon bangon, ya ɗaga hannu, ya sauke kaɗan, ya sake ɗagawa. Can sai muryar ta tattaru wuri ɗaya, tsaf, kamar tana tsaye a gabansa da zanenta na daka. Ya lumshe ido don daɗi.

Sai a lokacin ya ji abin da take cewa.

"To gaisuwa ta ƙare, Baban Aminatu, sai ka gyara zama. Ka ce sati biyu. Ni ban yi karatun lakwal ba, amma na tambayi malamin lakwal na unguwarmu, ya ce sati biyu kwana sha huɗu ne ko'ina a duniya, har Libiya. Ɗiyar da ka bari tana rarrafe, jiya ita ta ɗebo mini ruwa. Na nuna mata hoton da ka aiko, ta ce wane ne wannan mai wuya kamar zalɓe. Ba su ba ka abinci ne a can?"

Wata dariya ta faɗo daga sama. Sallau ya ɗaga kai. A kan dabinon da ke kusa da shi akwai mutum, da igiya a ƙugu da lauje a hannu. A na gaba ma akwai. Ya bi layin da ido, sai ya ga kusan kowane dabino da ɗan ci-raninsa a kai, lokacin yanka ne, kuma rabin masu yankan dabinon Samnu Hausa ce a bakinsu. Shi ƙasa ya duba ɗazu, bai duba sama ba.

Ya zuba da gudu yana kaɗa hannu biyu a sama. Lamin ya hango shi, ya gyaɗa kai, ya ƙara ƙarfi.

"Kuma rediyon Inna da ka gyara kafin ka tafi," in ji Rahamatu, yanzu har jakin ya ɗaga kunne, "tun ranar ba ta kama kowace tasha sai ta masu waƙar coci. Inna ta ce in tambaye ka ko da gangan ne. Wandonka na Sallah kuwa asu ya cinye mazauninsa, na yanke ƙafafun ina sauke tukunya da su."

Dabino ya ɗauka gaba ɗaya. Wani yana dariya har nonon dabinon da ya yanko ya kuɓuce masa. Wani daga can ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, baiwar Allah." Filin taku tamanin ne, Sallau ya auna shi da kansa, amma bai taɓa sanin tsawonsa ba sai ranar. Ya yi tuntuɓe da waya, ya tashi, ya ci gaba. Saura taku ashirin muryar ta sauka, ta yi laushi.

"Har yanzu in na kwashe tuwo sai in ga na ajiye ƙanzo a gefe. Sai na juya in tuna babu mai ci. To Aminatu ta fara ci, ita ma tana so, halinka ne ta ɗauko."

Dariyar ta tsaya. Sallau ya iso ya danna maɓalli, filin ya yi tsit, ba ka jin komai sai janareta.

Kafin ya gama haki sai ga wani jami'in kwamitin taron, Ustaz Mohamed, da takardu a hammata. Ya ce tun daga bakin hanya yake jin wannan murya, bai taɓa jin sauti ya fita haka a filin nan ba. Wace ce wannan mai jawabi, kuma me take cewa?

Sallau ya ce da Larabci, "Wata ce daga Nijar. Tana magana ne a kan muhimmancin cika alkawari tsakanin 'yan Afirka."

Ustaz ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce lalle a sa ta a cikin shiri, bayan makaɗan Mali. Sallau ya ce ai kaset ɗin ya tsinke yanzun nan. Ya tura shi can cikin aljihu, ya dafe.

Da azahar masu yanka suka sauko, suka kewaye shi. Kafin a gama cin abinci sunansa ya koma Sati Biyu, kuma sunan ya bi shi har Sabha. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, wani dattijo mutumin Dogon Dutsi, Baba Jibo. Ya jira jama'a suka ragu, ya zaro wani kaset daga leda.

"Ɗana, wannan injin naka, yana gyara kowace murya ko ta iyalinka kaɗai?"

Ya ce matarsa ce ta aiko wata takwas da suka wuce, ta yi maganar a fili ana iska, rabi ba ya ji. Abin da ya tsinta dai shi ne saniyarsa ta mutu, jar nan da ya rena tun tana maraƙa. Ya yi haƙuri, amma yana son ya ji yadda aka yi.

Sallau ya kashe goma sha ɗaya ya bar lasifika ɗaya, ya rage ƙarfi. Kaset ɗin iska ce zalla, fuu, fuu, da wata murya can ƙasa kamar daga rijiya. Ya rage tulu har iskar ta kwanta. Ya rage sauro, shuu ɗin kaset ya ja baya. Ya ɗaga haƙori a hankali. Tsohuwar ta fito. Suka mayar baya sau uku don su tabbata. Ba mutu ta ce ba, haihu ta ce. Jar saniya ta haihu, mace, kuma nono har ana ba maƙwabta.

Baba Jibo ya zauna a kan akwatin lasifika ya ce, "Wata takwas ina yi mata addu'a, ashe tana can tana kiwo."

Taron ya yi kyau, na baya suka ji abin da na gaba suka ji, sau ɗaya. Amma abin da ya biyo Sallau gida ba yabon kwamiti ba ne. Juma'ar da ta zagayo, bayan an sauko masallaci, ya tarar da mutum shida a ƙofar sito, kowa da kaset a hannu. Ta gaba sha biyar. Daga Samnu, daga Zighan, daga wuraren gini na cikin gari. Wanda nasa na sirri ne a ba shi abin sawa a kunne, wanda bai damu ba a sa kowa ya ji, a taya shi dariya ko jaje. Lamin ya yi ta mita wai an mayar masa da sito gidan waya, amma shi ke kawo gawayi da ganyen shayi.

Labari kuwa ya bi direbobi ya gangara kudu. Bayan wata biyu sabon kaset ya iso. Sallau ya so ya ji shi shi kaɗai, amma ranar Juma'a ce, kuma Mijinyawa ya riga ya karɓa daga hannun direba ya sa a rikoda.

"Salamu alaikum mutanen Samnu da kewaye," in ji Rahamatu. "An ce kuna ji na. To madalla. Akwai mata bakwai a nan tare da ni, kowacce da saƙo. Wanda ya ji sunansa ya matso."

Uku daga cikin mazan suna cikin siton. Ɗaya ya yi ƙoƙarin sulalewa, aka riƙe masa riga. A ƙarshen fuska ta biyu ta ce, "Baban Aminatu, kai kuma naka saƙon ba na lasifika ba ne. Ka nemi ɗaki mai ƙofa, bayan Sallah muna tafe."

Suka zo a bayan babbar mota, kwana tara a hanya, ita da Aminatu da buhun gero da turmi. Sallau ya tarye su a tasha. Da ta buɗe baki ta ce, "Sannu, Malam, ashe wuyan ma hoto ya rage shi," sai ya tsaya yana kallonta. Muryar ba ita ba ce. Ta fi ta kaset kauri da nauyi, ƙirjinta ya fi yawa. Sai daga baya, da ta ba shi labarin rikodar maƙwabta, ya gane. Batirinta kullum a sanyaye yake, tana ɗauka a hankali, shi kuma tasa rikodar mai wuta tana juyawa da sauri, murya ta sirance. Ya zauna bakin gado ya riƙe haɓa. Duk bukukuwan Sabha na shekara biyu, da muryar da babu ita a duniya ya auna su.

Da ya gaya mata, ta ce, "Wato kana nan kana gyara ni ban sani ba. To ga ni, sai ka sake."

Ta zo ne da niyyar sayar da tuwo ga 'yan ci-rani, kuma ta fara. Amma Lamin yana da wani ciwon kai da ya daɗe da shi. A bikin Larabawa mata rumfarsu daban, da mawaƙiyarsu, kuma da sun shiga namiji ba ya leƙawa. Sai dai su kafa kaya tun da rana su fita. Mawaƙiya ta ja makirfo ta nufi lasifika, abu ya ɗau kuka, babu mai gyarawa, washegari uwar amarya ta aiko da faɗa. Wata rana Lamin yana cin tuwon Rahamatu, ya ji ta daga tsakar gida tana ce wa Sallau rediyon nan hancinta ya yi yawa. Ya tambayi me ta ce, da aka fassara masa sai ya ajiye cokali ya dubi Sallau.

Kwana goma Sallau ya yi yana koya mata. Ba ta karanta lambobin, amma ta riƙe wurarensu, kuma ba ta son a maimaita mata abu. Bikinta na farko a unguwar Gurda aka yi, da la'asar. Sallau ya daidaita komai tun rumfar tana wayam, ya ja mata kunne kada ta taɓa komai sai in abu ya yi kuka, ya fito. Shi da Lamin suka zauna a inuwar mota a bayan rumfa, da butar shayi a tsakaninsu.

Aka fara guɗa, ganga ta tashi, mawaƙiya ta shiga. Ba a jima ba wani siririn fito ya fara tasowa. Sallau ya miƙe rabi, kofi a hannu. Kafin ya gama miƙewa fiton ya mutu. Ya koma ya zauna. Can kuma ya karkata kai, ya ɓata fuska.

"Ta taɓa," ya ce. "Ta ƙara haƙori, ta ƙara sauro. Na ce kada ta taɓa."

"Ni dai daɗi nake ji," in ji Lamin.

Da aka tashi kafin magariba ta fito da ƙunshin alawa da lalle a tafin hannu, matan sun sa mata. A mota, da suka wuce shataletale, Sallau ya ce, "Maman Aminatu, na ji kin ƙara sama."

"Na ƙara."

"Na auna rumfar nan da kaina."

"Rumfar da ka auna babu kowa a ciki, Malam. Mata ɗari uku suka shigo, kowacce da mayafi kamar bargo, ga katifu, ga labule. Duk suka shanye maganar, waƙa ta koma kamar ana yi a cikin buhu. In zauna ina kallo?"

Sallau ya juya abin a ransa. Bai taɓa shiga rumfar mata cike ba, kuma ba zai taɓa shiga ba. Ya laluba aljihu ya ciro biro da wani guntun kwali.

"Lamba nawa kika kai shi?"

"Wa ya duba lamba? Na murɗa har na ji abin da matar ke cewa, na bari."

Ya riƙe biron a sama na ɗan lokaci, sannan ya mayar aljihu. Aminatu ta miƙo masa alawa daga baya, ya karɓa, Lamin ya karya kan mota suka shiga layin sito.